Steve Reich da makaɗan Gana: me ya ɗauko, me ya zo da shi?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa wani Ba'amurke mai suna Steve Reich, wanda ake lissafawa cikin manyan masu rubuta kiɗa na wannan zamani, a Gana ya koyo abin da ya yi suna da shi, ya koma gida ya maƙala masa sunansa. Wane ne shi, yaya rayuwarsa ta kasance, kuma ina gaskiyar wannan zargi?

Amsa: Zargin yana da tushe, sai dai yadda ya iso gare ka an gajarta shi har ya karkace. Gaskiya ne Reich ya je Gana a shekarar 1970, ya yi mako biyar yana koyon kiɗan ƙabilar Ewe, kuma aikin da ya fara ɗaukaka sunansa ya rubuta shi ne bayan dawowarsa. Amma dabarar da aka fi saninsa da ita ya riga ya gano ta shekara biyar kafin ya taka ƙasar Afirka. Wani abin da ke ƙara rikita lissafin shi ne, tun wajen 1962 yake nazarin kiɗan Ewe a littafi. Saboda haka bashin da Afirka ke binsa ya girmi tafiyar tasa, kuma ba irin bashin da mutane suke zato ba ne. Kafin a fahimci wannan sai an bi rayuwarsa daki-daki.

Da farko ya kamata a san irin sana'ar da ake magana a kai. A al'adar rubutaccen kiɗan Turai, wadda Bach da Mozart da Beethoven suka yi fice a cikinta, mai tsara kiɗa daban ne, masu kaɗawa daban. Shi yana zaune da takarda yana rubuta kowane sauti da tsawonsa, su kuma makaɗa su karanta su kaɗa, ko da kuwa ya yi shekara ɗari biyu da rasuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan al'ada ta shiga wani hali: manyan da ake ji da su, irin su Pierre Boulez na Faransa da Karlheinz Stockhausen na Jamus, sun bi tafarkin da Arnold Schoenberg ya share, inda ake jera sautuka goma sha biyu bisa lissafi, a guje wa karin da kunne zai riƙe, a guje wa bugun da ƙafa za ta bi. A jami'o'in Amurka na wancan lokaci, ɗalibin da ya rubuta kiɗa mai bugu tsayayye ana yi masa kallon wanda bai waye ba. A cikin wannan yanayi Reich ya yi karatu, kuma rabin tarihinsa labarin bijire wa wannan tsari ne.

An haife shi a birnin New York ranar 3 ga Oktoba, 1936, a gidan Yahudawa. Mahaifinsa lauya ne, mahaifiyarsa mawaƙiya. Iyayen sun rabu yana ɗan shekara ɗaya, uwar ta koma Los Angeles, don haka daga 1939 zuwa 1942 ya riƙa ratsa faɗin Amurka a jirgin ƙasa tare da mai renonsa, daga gidan uba zuwa gidan uwa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fara koyon ganga a hannun Roland Kohloff, a daidai lokacin da ya fara jin Bach da Stravinsky da kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka. Wannan batu na ganga yana da muhimmanci, domin yawancin masu rubuta kiɗa a Turai daga piyano ko goge suke tasowa, shi kuwa hannunsa da bugu ya fara sabawa. A Jami'ar Cornell falsafa ya karanta, ya gama a 1957. Sannan ya shiga makarantar kiɗa ta Juilliard daga 1958 zuwa 1961, inda ya haɗu da Philip Glass, wanda shi ma ya zama mai tsara kiɗa, ya wuce Kwalejin Mills da ke California ya yi digiri na biyu a ƙarƙashin Luciano Berio da Darius Milhaud, ya kammala a 1963. Da rana yana rubuta kiɗan sautuka goma sha biyu don malamai, da dare yana zuwa sauraron makaɗin jaz John Coltrane, wanda kan tsaya a kan haɗin sauti guda ya yi ta juya shi na tsawon lokaci ba tare da mai sauraro ya gaji ba. Da ya gama karatu bai nemi aikin koyarwa ba. Tuƙin tasi ya yi a San Francisco, ya kuma yi aiki a gidan waya.

A wannan tsakani ne, a 1962, ya ji labarin wani littafi na A. M. Jones, wani ɗan mishan na Ingila da ya daɗe a ƙasar da ake kira Zambiya yanzu. Littafin ya fito a 1959, kuma a cikinsa Jones ya rubuta kiɗan Ewe bugu-bugu da taimakon wani gwanin makaɗi mai suna Desmond Tay. Abin da Reich ya gani a shafukan ya ba shi mamaki: ganguna da dama kowacce tana maimaita gajeren salonta, amma mafarin salon kowacce bai faɗa daidai da na 'yar'uwarta ba, sai su yi ta saɓawa suna haɗuwa. A riƙe wannan shekara, domin masu kare Reich sukan manta da ita.

A 1964 ya ɗauki muryar wani baƙar fata mai wa'azin Kirista a dandalin Union Square na San Francisco, ana kiransa Brother Walter, yana wa'azi a kan ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Reich ya yanki guntun tef inda mai wa'azin yake cewa za a yi ruwa, ya haɗa bakin guntun biyu ya zama zobe mai maimaita kansa, ya yi irinsa guda biyu, ya ɗora a na'urori biyu. Na'urorin masu araha ne, ɗaya ta ɗan fi ɗaya gudu. Muryoyin suka fara tare kamar murya guda, sannu a hankali ɗaya ta goce gaba, sai aka ji kamar amsa-kuwwa, can kuma sai kalmomin suka wargaje suka zama kiɗa zalla, daga bisani suka sake haɗuwa. Wannan gocewa ita ce dabarar da ya gina shekarunsa na farko a kanta, kuma aikin da ya fito daga nan a 1965 shi ne It's Gonna Rain. A 1966, bayan ya koma New York, ya yi Come Out da muryar Daniel Hamm, ɗaya daga cikin samari shida baƙaƙen fata na unguwar Harlem da aka kama bisa zargin kisa, yana bayanin yadda sai da ya matse raunin dukan da 'yan sanda suka yi masa jini ya fito kafin a yarda a kai shi asibiti. An yi aikin ne don tara kuɗin sake shari'arsu. Ka lura cewa waɗannan ayyuka biyu duk da muryoyin baƙaƙen fata aka gina su, kuma masana a Amurka sun yi ta muhawara a kan haka kamar yadda ake yi a kan batun Gana.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko ɗan Adam zai iya yin abin da na'ura ta yi bisa kuskure. A 1967 ya rubuta Piano Phase: mutum biyu a piyano biyu suna kaɗa salo guda mai sauti goma sha biyu, ɗaya ya tsaya a kan gudunsa, ɗayan ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya wuce abokinsa da sauti ɗaya, ya tsaya, ya sake ƙarawa. Yana da wuya ƙwarai, domin kunne yakan ja hannu ya koma daidai da na kusa da shi. A waɗannan shekaru manyan zaurukan kiɗa ba su buɗe masa ƙofa ba, sai a ɗakunan nunin zane-zane da gidajen adana kayan fasaha yake kaɗawa da ƙungiyar da ya kafa a 1966, wadda ta fara da mutum uku. Har shi da Glass sun taɓa yin sana'ar kwashe wa mutane kayan gida don samun abin kai wa baka. Masu sharhi suka laƙaba wa kiɗansu, tare da na Terry Riley da La Monte Young, sunan minimalizim, wato salon taƙaitawa, sunan da Reich bai taɓa ƙauna ba.

Yanzu sai Gana. A tsakiyar 1970 ya sauka a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, wadda a lokacin Farfesa J. H. Kwabena Nketia ke shugabanta. Malaminsa shi ne Gideon Alorwoyie, babban makaɗi a ƙungiyar rawa ta ƙasar. Kullum Reich yakan ɗauki darasi a tef, ya koma masauki ya rage gudun tef ɗin, ya rubuta salon kowane abin kaɗawa a takarda. Ya koyi kiɗa irin su Gahu da Agbadza. A Agbadza akwai kuge, wanda Ewe ke kira gankogui, yana buga salo mai bugu bakwai a cikin zagaye mai ma'auni goma sha biyu, kuma a kansa kowa yake dogara. Akwai caki, akwai ƙananan ganguna da matsakaita kowacce da nata salo, sannan babban makaɗi yana bisa duka yana ba da alamar sauyi da gangarsa. Sirrin goma sha biyu shi ne tana rabuwa gida uku, tana rabuwa gida huɗu, tana rabuwa gida shida, don haka mai sauraro zai iya jin kiɗa guda ta fuskoki da dama ba tare da makaɗan sun sauya komai ba. Zazzaɓin cizon sauro ne ya katse masa zaman, ya koma gida bayan mako biyar.

Ya dawo da kuge da dama, har ya yi tunanin goge su da zarto don su dace da ma'aunin sautin Turai, sai ya fasa. Matsayin da ya ɗauka, wanda ya rubuta ya kuma maimaita a hirarraki, shi ne cewa bai dace baƙo ya kwaikwayi amon kiɗan wata al'umma ba, abin da ya dace shi ne ya nazarci yadda aka gina shi, ya yi nasa da kayan da ya tashi da su. Ya kuma ce tafiyar ta tabbatar masa ne da hanyar da yake kai tun farko, wato cewa ganguna kaɗai za su iya ɗaukar babban aiki mai zurfi, kuma hannun mutum ya fi na'ura wadatar sauti. Sakamakon shi ne Drumming, wanda aka fara kaɗawa a New York a Disamba 1971. Aikin yana wuce awa guda a yawancin lokuta, yana da kashi huɗu, kuma duka an gina shi a kan salo ɗaya tak mai bugu takwas cikin ma'auni goma sha biyu. Kashi na farko ƙananan ganguna ne da ake kira bongo, na biyu marimba (jerin katakai da ake bugawa da sanda) da muryoyin mata, na uku ƙarafa masu zaƙin amo da fito da ƙaramar sarewa, na huɗu kuma duka a haɗe. A 1972 ya ƙara taƙaita abin a Clapping Music, inda mutum biyu ke tafi kawai, ɗaya yana kan salonsa, ɗayan yana matsawa da ma'auni ɗaya bayan 'yan maimaici, har sai ya zagayo sun sake haɗuwa.

To, sata ce ko ba sata ba ce? A ganina duk wanda ya saurari Agbadza sannan ya saurari Drumming ba zai ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan ba. Kiɗan Ewe yana tafe da rawa da waƙa mai ma'ana, ana yinsa a wurin makoki da taron jama'a, kuma babban makaɗi yana magana da masu rawa suna amsa masa da jiki. Na Reich kuwa na zaure ne, mutane na zaune shiru, kuma gocewar da ke tafiyar da shi babu ita a kiɗan Ewe, inda kowane makaɗi yake riƙe wurinsa daram. Bai kuma ɓoye malaminsa ba: ya ambaci Alorwoyie, ya wallafa abin da ya rubuta na Gahu a 1971 da sunan masu shi. Ta wannan fuska kalmar sata ta yi nauyi.

Amma akwai abu biyu da nake ganin bai kamata a bar shi ya wuce da su salin-alin ba. Na farko, cewa tafiyar tabbatarwa ce kawai yana rage wa Afirka haƙƙinta, domin hanyar da aka tabbatar ɗin da ma akwai littafin Jones a cikin tubalinta. Mutumin da ya riga ya ga salo iri ɗaya yana saɓawa da kansa a shafin kiɗan Ewe, shi ne zai ji na'urori biyu sun goce ya gane cewa abin amfani ne. Wani zai kashe su ne ya nemi mai gyara. Masani Martin Scherzinger ya yi dogon rubutu a kan cewa tasirin Afirka ya shiga aikin Reich tun kafin 1970, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Na biyu, bambancin da ya kafa tsakanin amo da tsarin gini ya yi masa daɗi fiye da kima, saboda dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutaccen kiɗa mai sunan mutum ɗaya, ba ta kare hikimar gini da al'umma ta gada. Wanda ya ɗauki tsari ba ya biyan kowa, shi kuwa duk inda aka kaɗa aikinsa ana biyansa. Shi kansa ma bai tsaya kan ƙa'idar tasa kullum ba: a Electric Counterpoint, wanda ya rubuta wa makaɗin jita Pat Metheny a 1987, ya ɗauko kari kai tsaye daga busar ƙahonin mutanen Banda Linda na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kamar yadda masani Simha Arom ya rubuta shi, ko da yake ya faɗi hakan a bayanin aikin. Abin lura kuma, a shekarun da Reich ya ratsa Legon na mako biyar, Akin Euba na Nijeriya yana can yana binciken digirinsa na uku a kan gangar dundun ta Yarabawa, yana kuma rubuta kiɗan piyano bisa tunanin ganga. Ka tambayi masu zuwa zaurukan kiɗa a Turai su nawa suka san sunansa. Wannan rashin daidaito ba Reich ya ƙirƙire shi ba, amma ya ci moriyarsa. Alorwoyie dai daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Arewacin Texas.

Kada kuma a zaci duniya ta karɓe shi nan take. A Janairu 1973, da jagoran makaɗa Michael Tilson Thomas ya sa aikin Reich mai suna Four Organs a zauren Carnegie, inda ake jan haɗin sauti guda ana ƙara masa tsawo na kusan kwata na awa, masu sauraro sun yi ta ihu da hayaniya har makaɗan suna jin juna da ƙyar. Ya ci gaba da neman ilimi a waje, ya koyi kiɗan gamelan na tsibirin Bali da ke Indunisiya a 1973 da 1974, a hannun malaman da ke koyarwa a Amurka. Abin da ya sauya matsayinsa shi ne Music for 18 Musicians, wanda aka fara kaɗawa ranar 24 ga Afrilu, 1976. An gina shi a kan jerin haɗin sautuka goma sha ɗaya, tsawon numfashin masu busa da mawaƙa ne ke auna hawa da saukar amo, kuma babu mai tsayawa gaba da sanda. Ɗaya daga cikin makaɗan ne ke ba da alamar sauyi da abin kaɗawarsa, kuma Reich ya ce daga babban makaɗin Afirka ta Yamma da na Bali ya koyi wannan. Faifan da kamfanin ECM ya fitar a 1978 ya sayu fiye da kwafi dubu ɗari, abin da ba a saba gani ba a irin wannan kiɗa. Ni dai shi nake ɗauka a matsayin mafi kyawun aikinsa.

Daga nan ya juya ga asalinsa. Ya auri Beryl Korot, mai fasahar bidiyo, a 1976, ya koma riƙo da addinin Yahudanci, ya yi nazarin yadda ake rera Attaura a New York da Ƙudus, ya rubuta Tehillim a 1981 a kan ayoyin Zabura. A 1988 ya fitar da Different Trains, wanda ya samo masa lambar Grammy. Tunanin ya zo masa ne cewa a shekarun da yake yawo a jirgin ƙasa yana yaro, da a Turai yake, a matsayinsa na Bayahude wani jirgin daban za a sa shi, na zuwa sansanonin kisa na 'yan Nazi. Ya ɗauki muryar mai renonsa, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgi, da ta mutum uku da suka tsira daga kisan, ya rubuta hawa da saukar kowace jimla a matsayin kari, ya ba makaɗan goge huɗu na ƙungiyar Kronos su kaɗa. Mai jin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda ya saba jin kalangu yana faɗin kirari. Bambancin shi ne mai kalangu yana bin karin da harshen kansa ya tanada, wanda kowane Bahaushe zai furta iri ɗaya, alhali Ingilishi ba shi da irin wannan kari, don haka abin da Reich ke kamawa shi ne yadda mutum ɗaya ya furta magana ɗaya a lokaci ɗaya, da tsufansa da tsoronsa a ciki.

Da wannan dabara shi da Korot suka yi The Cave, wanda aka fara nunawa a Vienna a 1993. Batunsa kogon da ke birnin Al-Khalil ne, inda Musulmi da Yahudawa suka yi ittifaƙi cewa nan ne makwancin Annabi Ibrahim, alaihis salam. Sun yi wa Isra'ilawa da Falasɗinawa da Amurkawa tambayoyi iri ɗaya: wane ne Ibrahim a wurinka, wace ce Saratu, wace ce Hajara, wane ne Isma'ila, wane ne Is'haƙa? Amsoshin ne suka zama kiɗan, ana nuna fuskokin masu magana a manyan alluna biyar. Kashin Amurkawa ya fi ban takaici, domin da yawansu ba su san ko su wane ne ake tambaya ba. Ƙasa da shekara guda bayan fitowar aikin, a Fabrairu 1994, wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna ya buɗe wuta a masallacin da ke wurin ya kashe masallata 29.

Sauran tarihin na karramawa ne: lambar Polar ta Suwidin a 2007, lambar Pulitzer a 2009 saboda Double Sextet. Ya kuma rubuta wani aiki a kan harin 11 ga Satumba, 2001, wanda ya auku 'yan layuka kaɗan daga gidansa. Mawaƙa irin su David Bowie da Brian Eno sun yaba masa a fili, kuma masu haɗa kiɗa da kwamfuta sun ɗebi dabarar maimaici daga gare shi.

Idan kana son ka yanke hukunci da kunnenka, ka fara neman Agbadza daga bakin makaɗan yankin Volta na Gana, ka bi kugen har ka riƙe salonsa, sannan ka saurari kashi na farko na Drumming, daga nan ka wuce zuwa Music for 18 Musicians. Wannan na ƙarshe yana ɗaukar kusan awa guda, kuma ba ya jin daɗin a yanka shi, don haka ka ware masa lokacinsa.